Gajerun Ƙafafun Teburin Baba Firmin

A gyara tsayuwa, a cire hula, masu taba su kashe. Ga Firmin Delabre nan, sarkin maƙeran layin baya na kasuwar gwanjo ta Saint-Ouen, uban masu tsaki, wanda rabonsa da amsa gaisuwa da fara'a tun kafin a fara kashe yuro. Shekara saba'in da huɗu, gwiwa ɗaya tasa ɗaya ta asibiti, yatsu tara da rabi. Shi ne ya taɓa korar wani attajiri daga shagonsa don kawai ya jingina da bango. Ni mai ba ku labarin dankali nake soyawa a bakin layinsu, kuma shekara uku ke nan yana saye a wurina bai taɓa cewa ya yi daɗi ba.

Abin da ake kira shagonsa wani lungu ne tsakanin makewayin kasuwa da inda ake jingine amalanke. Akwai benci, da injin walda, da rediyon da ba ya kama komai sai tashar tseren dawaki. Aikinsa gyaran ƙafafun kujeru da tebura na ƙarfe. Amma ba don gyara dillalan kasuwa suke jure wulaƙancinsa ba. Babban yatsansa na dama suke bukata.

A Aubervilliers aka haife shi. Yana ɗan shekara goma sha huɗu ubansa ya kama hannunsa ya kai shi ma'aikatar Hubert Castagnel, ya ce wa heluma in yaron ya yi lalaci a make shi, ba sai an aiko gida ba. A wurin ake yin waɗannan ƙananan teburan da ake ajiyewa gefen kujera: faranti zagayayye na ƙarfe, ƙafafu uku na siririn bututu, baƙin fenti, wani lokaci ja ko ruwan ƙwai. Ɗaruruwa suke yi a wata, ana kai su ɗakunan kwanan ɗalibai da wuraren jira na asibiti. Ba wanda yake kallon su sau biyu. Ɗalibai suna yanka burodi a kai, suna taka su in za su canza ƙwan fitila.

Shi Castagnel mai zane ne. Ran Alhamis yake zuwa da farin gyale a wuya, ya shimfiɗa takarda, ya yi magana a kan haske da iska da rayuwar gobe, ya tafi cin abincin rana. Firmin ya ce shekara goma sha takwas da ya yi a wurin bai taɓa ganin mutumin ya ɗaga guduma ba sai sau ɗaya da mai hoto ya zo, shi ma ta wajen kai ya riƙe ta.

Aka rufe ma'aikatar a 1974. Firmin ya koma garejin gyaran bas-bas, ya yi shekara ashirin da biyar yana kwance a ƙarƙashin mota. Da idonsa ya ga babbar mota ta kwashi teburan nan daga wani gidan ɗalibai za ta kai juji, bai ko juya ba. Sai ga shi wata rana zuciyar masu kuɗi ta juyo. Abin da aka zubar jiya ya hau kan farin dandamali, an haska masa fitila, ana zuwa daga New York da Tokyo ana tsugunawa a gabansa. Tsatsar ma ta zama dukiya, wanda ya kuskura ya goge ta ya yi asara. Kuɗin ɗaya ya isa sayen mota, kuma da kuɗi suka shigo sai masu yin jabu suka biyo su.

Lokacin Firmin ya bar gareji ya kama lungunsa a kasuwa, nan yatsan ya yi rana. Dillali zai kawo tebur a lulluɓe da bargo kamar mara lafiya. Firmin ba ya ko kallon hatimin ma'aikata, ya ce hatimi kowane ɗan iska zai iya bugawa. Sai ya zura hannu ƙarƙashin faranti, ya bi waldar da yatsa, ya ce “namu ne” ko “ba namu ba ne”. In ya ga dama ya ƙara da cewa wannan waldar abokin aikinsa Gaston ce, ta ran Litinin, giyar Lahadi ba ta gama sakinsa ba. Yana kiran su masu sayar da tsatsa a gaban idonsu. Su kuma a bayan idonsa suna kiransa da sunan da ba zan rubuta ba, amma da safe su kawo masa kofi.

To akwai wata al'ada ta ma'aikatan ƙarfe da duk wanda ubansa ya ci abinci da guduma ya sani, *perruque* suke ce mata. Mutum ya tsinci guntayen da aka jefa kwandon shara, ya yi wa kansa wani abu da injin maigida a lokacin hutun rana: tukunya, ko fitila, ko keken wasan yara. Heluma yana gani ya ɗauke kai. Ba sata ba ce a wurinsu, muddin guntaye ne, kuma ba ka buga masa hatimin ma'aikata ba. Abin da ya rage naka shi ne yadda za ka wuce da shi ta gaban maigadi.

A 1961, wata biyu kafin a ɗauke shi soja zuwa Aljeriya, Firmin ya yi nasa. Yana neman wata yarinya, Pierrette, mai ɗinkin wuyan riguna a ɗakin uwarta. Kullum allurai da maɓallai suna gangarowa daga cinyarta, tana bin su a ƙasa tana zagi. Sai ya yi mata ɗan tebur irin na ma'aikata, amma ya lanƙwasa bakin farantin sama kamar tire don kada komai ya gangaro, ƙafafun kuma suka fito gajeru, sun gaza na ma'aikata da yatsu huɗu. Ya ce mata da zare ya auna tsayin kujerarta a ɓoye ranar da ta shiga kicin. Wannan maganar ce ta sa ta jira shi wata ashirin da shida. Ta ba 'yarsu Maryse labarin zaren nan ya fi sau ɗari, ta ba maƙwabta, ta ba likitan da ya duba ta a ƙarshe. Shekara hamsin da biyu teburin yana gefen kujerarta, da farko ɗauke da almakashi da gwangwanin allurai, daga baya da kwalaben magani.

Bayan rasuwarta gwiwar Firmin ta ƙi hawa bene huɗu. Yana kwance a asibiti an yi masa aiki Maryse ta sama masa ɗaki ɗaya a ƙasa, ta kira masu kwashe kayan gida suka share tsohon gidan a yini guda. Da aka sallame shi ya shiga sabon ɗakin, ya duba kusurwa huɗu, ya tambayi teburin.

“Papa, tsatsa ce fa kawai. Gadonka ma da ƙyar ya shiga nan.”

“Sai ki ba da gadon.”

Daga ranar ya daina ɗaga wayarta. In ta kawo masa miya ran Lahadi sai ya karɓi tukunyar a bakin ƙofa ya rufe.

Wata bakwai bayan haka, ran wata Asabar da safe, Madam Ghislaine Rouvray ta aika a kira shi. Ita ce mai rumfar gilashi a layin gaba, doguwa, tabarau rataye da sarƙar zinariya, mai magana kamar tana tsoron kalmomin su ɓata mata jan-baki. Shekara goma sha biyar suna hulɗa da Firmin ba su taɓa rabuwa lafiya ba. Ya ɗingisa ya je yana tsaki tun daga hanya.

Yana shiga ya tsaya. Ga shi can a kan dandamali, fitila biyu a kansa. Ga zoben da ƙasan kofin Pierrette ya ci a fenti. Ga tabon da dutsen guga ya bari shekarar da aka haifi Maryse. Ba a goge komai ba, har wani ɗan guntun zare ja da ya maƙale a lanƙwasar bakin yana nan. A gaba an jingine farin kati: Hubert Castagnel, gwajin farko, guda ɗaya tak a duniya, wajen 1959.

Madam ta ce ta same shi ne a wurin wani mai kwashe kayan gida da bai san abin da ke hannunsa ba. Babu hatimi, ta sani, amma ai gwaji ba ya ɗaukar hatimi. Ran Litinin jikan Castagnel zai zo ya duba, shi ke riƙe da littafin da ake shigar da duk abin da iyali suka amince na kakansu ne. In ya shiga littafin, akwai mai saye yana jira. Abin da take so daga Firmin layi biyu ne a takarda: cewa ya ga teburin nan a ma'aikata, a hannun maigida.

“Ni na yi shi,” in ji Firmin.

“Madalla, Monsieur Firmin. Haka ma ya fi. Ka rubuta hannunka ne ya yi, bisa zanen maigida.”

“Babu zane. Babu maigida. Na matata ne.”

Ta cire tabarau ta dube shi kamar ya tofa yawu a kan kafet. Ya ba ta labarin a taƙaice, guntaye, hutun rana, allurai. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta yi masa bayani a hankali, irin yadda ake yi wa wanda kunnensa ya yi nauyi. A wannan sana'ar gida biyu ne kawai. Ko abu na Castagnel ne, ko kuma tsohon ƙarfe ne da ake aunawa a sikeli. Babu gida na uku da aka tanada wa wani Firmin.

Ya ce to ta sayar masa, tsohon ƙarfe ne ai. Ta yi dariya ba tare da ta buɗe baki ba. Ya ce to ta bar teburin a wurinta, ta sayar wa wanda take so, amma ta cire sunan mutumin nan daga kati ta sa nasa.

“Wa zai sayi Delabre?” in ji ta. “Ni kaina da na san ka ba zan saya ba.”

Ya juya ya fito. Bai koma shago ba, ya zauna a kan wani akwati a bayan rumfar masu agogo. Ba rasa teburin ne ya fi ci masa rai ba, wannan ya riga ya haɗiye shi wata bakwai. Ɗaruruwan teburan da ya lanƙwasa wa ƙafa suna ɗauke da sunan mai farin gyale, bai taɓa damuwa ba, an biya shi ladan aikinsa. Amma a duk rayuwarsa abu ɗaya ne ya fito daga kansa ya bi ta hannunsa ba da umarnin kowa ba. Shi ma ga shi sun zo su ba mutumin da bai taɓa ganinsa ba.

Kafin la'asar labari ya gama kasuwa, kuma ba wanda ya goyi bayansa. Dalilin a fili yake. Kusan kowace rumfa a layin gaba tana da nata “gwajin farko, guda ɗaya tak” da babu hatimi. In aka fara cewa leburori ne suke ƙera wa 'yammatansu a hutun rana, rabin farin katin kasuwar ya zama takardar ƙunshe dankali. Mai sayar da fitilu ya zo ya kwashe kujerunsa huɗu da ba a gama gyarawa ba, ya ce ya ji an ce tsufa ya fara taɓa wasu a ka. Wata dillaliya ta ce dama tun rasuwar matar ba daidai yake ba. Wani ya ce yatsan ma an daɗe ana shakkarsa. Ran Lahadi ba wanda ya kawo masa kofi. Firmin ya zauna a ƙofar lungunsa yana bin kowa da kallo, duk wanda ya wuce sai ya gaya masa wane jabu ne a rumfarsa da kuma shekarar da ya rufa masa asiri.

Da rana Maryse ta zo, Madam ta yi mata waya ta yi mata alkawarin za a tuna da iyali in ciniki ya faɗa. Ta tsaya a bakin shagon da jakarta a ƙirji. Ta ce ita ta yi kuskure, ta yarda, amma tebur ya riga ya tafi. Layi biyu ne. Zai samu ɗaki mai lambu, ya huta da wannan ramin da ke warin fitsari. Mama ma da tana nan cewa za ta yi ya sa hannu.

“Kada ki sa mata magana a baki, ke da kika sayar da inda take ajiye kofi.”

“Ban sayar ba. Biyan su na yi suka kwashe.”

“Wannan ai ya fi muni.”

Ta ce masa mugun tsoho ne, kuma tun tana yarinya haka yake. Ya ce ya sani. Ta ce gobe za ta zo ta ga yadda zai kunyata kansa.

Litinin da hantsi jikan ya iso. Édouard Castagnel sunansa, ɗan shekara arba'in da wani abu, mai laushin murya, da jakar fata da ma'auni da farar safar hannu. Dillalai suka taru a bakin gilashi. Maryse tana can gefe. Ba a gayyaci Firmin ba, ya shiga ya tsaya kusa da ƙofa cikin shuɗin wandonsa na aiki, mai faɗin da mutum biyu za su shiga.

Jikan ya zagaya teburin sau uku. Ya tsuguna, ya auna, ya rubuta. Sannan ya fara bayani, yana kallon sama. Ya ce lanƙwasar bakin nan ta nuna lokacin da kakansa ya fara tunanin farantan shayin Japan. Ya ce ƙafafun da aka ɗaure da noti maimakon walda shaida ce ta burinsa na yin kayan da za a kwance a ɗaura, shekaru kafin kowa ya yi tunanin haka. Gajartar ƙafafun kuwa, a nan muryarsa ta ƙara yin ƙasa, kira ne ga ɗan'adam ya sauko kusa da ƙasa. Madam tana gyaɗa kai kamar a coci.

Firmin ya ce shi ya yi shi. Jikan ya yi masa murmushi, ya ce iyali suna matuƙar girmama tsofaffin ma'aikata, kuma ya san bayan shekaru da yawa tunani yakan cakuɗe. Madam ta ce a yi haƙuri da shi, bai daɗe da rashin mata ba. Wani a waje ya yi dariya.

Firmin ya dubi Maryse. Yana da hujja guda ɗaya, kuma ya san abin da za ta ci. Tun Asabar yake juya ta. Ya so ya wuce da ita kabari, don Pierrette ta tafi ba ta sani ba, ya kuma so 'yarta ta tafi haka. Ya sake duban katin.

Sai ya taka zuwa dandamali, ya zaro ɗan sufana daga aljihu, ya kifar da teburin a kan hannunsa. Madam ta yi ƙara ta kama masa riga, ya ce ta sake shi ko ya saki teburin. Juyi huɗu notin ya fita. Ya miƙa wa jikan, ya ce ya duba da kyau, notin keke ne, na tayar baya, ya nuna masa a littafinsa inda kakansa ya taɓa aiki da notin keke. Sannan ya sassauta bel, ya ɗauki ƙafar teburin ya zura ta cikin wandonsa ta ƙugu, ta bi cinyar dama ta tsaya daidai saman gwiwa. Ya ɗaure bel. Ya taka zuwa ƙofa ya dawo. Ya ja kujerar Madam, wadda ba a yarda kowa ya zauna a kai ba, ya zauna, gwiwar ta lanƙwashe ba abin da ya tokare.

“Ga Japan ɗinka,” in ji shi. “Ƙafar ma'aikata ta wuce gwiwa. In ka sa ta a wando tafiyarka za ta sanƙare, maigadi ya tsayar da kai. Sai na yanke ta daidai cinyata. Ƙafa ɗaya a rana, Talata, Laraba, Juma'a. Alhamis kakanka yana nan, ba a fita da komai. Farantin kuma ran da aka yi ruwa na sa shi a baya cikin kwat. Shi ya sa noti ne ba walda ba.”

Jikan ya juya notin a tafin safarsa. Ya ce ke nan sata aka yi wa kakansa. Firmin ya ce guntayen kwandon shara ne, kuma kakan nasa ya san ana yi, kejin akun matarsa ma su suka yi masa a lokacin aiki, bai tambayi daga ina ƙarfen ya fito ba.

“Zaren fa?” Muryar Maryse ce daga gefe. “Zaren da ka auna kujerar Mama?”

“Ba a yi zare ba. Dacewa aka yi, ya zo daidai kujerar.”

“Shekara hamsin tana ba mutane labarin nan.”

“Na sani. Ina wurin.”

Maryse ta fita, mutanen bakin ƙofa suka buɗa mata. Jikan ya cire safar hannu yatsa ɗaya-ɗaya, ya ajiye notin a kan dandamali, ya ce wa Madam iyali ba su san wannan teburin ba, kuma zai so kada sunan kakansa ya kwana a kan katin. Firmin ya zaro ƙafar daga wando ya jingine ta da bango, ya ce shi ba ya fita da kayan mutane.

Abin da Madam ta faɗa masa bayan tafiyar jikan, ni da nake soya dankali tsakanin direbobi ban taɓa jin wasu kalmomin ba. Ya tsaya ya ji duka. Da ta numfasa ya ce yanzu ai tsohon ƙarfe ne, nawa za ta sayar. Ta ce ko gawarsa ce ta zo saye ba za ta ba ta ba.

Asabar ta gaba teburin ya fito waje. Madam ta mayar masa da ƙafar da hannunta, ta ɗaure shi da sarƙar keke a jikin sandar rumfa, inda ruwa ke zuba daga rufi, ta ɗora masa mazubin tokar tabarta. Ta kuma rubuta sabon kati da manyan baƙaƙe, ta lulluɓe shi da leda don kada ya jiƙe: Aikin Firmin Delabre, ɓarawon ƙarfe, 1961.

Tun daga nan layin gaba ba su ƙara kawo masa tebur ya shafa ba, sun samo wani yaro mai na'urar gwajin ƙarfe daga Lyon. Gyaran kujerun gidajen shayi ne ya rage masa. Maryse ba ta kawo miya ba Lahadi biyar, ta shida ta ajiye tukunyar a bakin ƙofa ta tafi ba ta ƙwanƙwasa ba. Shi kuwa kullum da safe ya canza hanya, ta layin gaba yake bi, ko da yake ta fi nisa ga mai gwiwar asibiti. Yakan tsaya gaban katin ya karanta, Madam tana hararar sa ta cikin gilashi, shi ma yana hararar ta.

A nan na same shi wata safiya, na kawo masa dankali a takarda. Na ce Baba Firmin, ka ga ikon Allah, shekara sittin ana neman sunanka a kasuwar nan ba a samu ba, yau ga shi a layin gaba, a kan farin kati, Amurkawa suna ɗaukar sa hoto. Na ce ka kayar da iyalin Castagnel da cinya ɗaya. Na ce ni zan rubuta tarihinka, a sa a makarantu, yara su haddace.

Ya karɓi takardar, ya ɗanɗana ɗaya, ya tura teburin da ɗan yatsa. Teburin ya yi rawa.

“Ba ta ɗaure notin daidai ba,” in ji shi. “Matsa, ka tare mini haske.”